Darasin Wannan Wata: Zaɓen Darussa A Babbar Sakandare

Kowace shekara idan damina ta yi nisa, wajen watan Satumba, makarantu kan buɗe sabuwar shekarar karatu. A lokacin ne yaran da suka gama ƙaramar sakandare ke shiga babbar sakandare. A makonnin farko malamai kan raba su ajujuwa. Wasu su tafi ajin kimiyya, wasu ajin adabi da zamantakewa, wasu ajin kasuwanci.

Iyaye da yawa a karkara ba su san ana wannan rabo ba. Su dai sun ɗinka yunifom, sun sayi littattafai, sun ba da kuɗin mota. Alhali wannan rabo na mako biyu ko uku shi ke nuna aikin da yaro zai iya nema bayan shekara uku, da wanda zai gagare shi. Darasin wannan wata zai bayyana yadda abin yake, domin uba ko uwa su iya zama da ɗansu a yi zaɓen da ido buɗe.

Wani Misali

Ga misalin abin da kan faru. A ɗauka wani manomi ne yake da 'ya mai ƙoƙari. Tun tana firamare take cewa ita ungozoma za ta zama, saboda a garinsu mata na shan wahala wajen haihuwa. Da ta shiga babbar sakandare sai ta ga ƙawayenta duk sun zauna a ajin adabi. Ita ma ta bi su. Babu wanda ya tambaye ta abin da take son zama, ita kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Bayan shekara uku sakamako ya fito. Ta ci darussa bakwai da kyau. Uban ya sayar da buhun gero biyu, ya ɗauke ta suka tafi birni neman makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Ma'aikacin da ke karɓar takardu ya duba sakamakon, ya ɗago kai ya ce, "Baba, yarinyar nan ta yi ƙoƙari ƙwarai. Amma ina Kemistiri? Ina Fiziks?"

Uban ya ce, "Malam, ai an ce mini biyar ake nema. Ga ta da bakwai."

Ma'aikacin ya ce, "Haka ne, Baba. Sai dai kowane karatu da irin biyar ɗin da yake nema. Nata bakwai ɗin na wani karatu ne daban."

Suka dawo gida jiki a sanyaye. Yarinyar ba ta faɗi jarrabawa ba. An yi kuskuren ne tun ranar da ta zaɓi aji.

Matakan Karatu

Karatun boko a Nijeriya hawa-hawa ne. Yaro zai yi shekara 6 a firamare, shekara 3 a ƙaramar sakandare, shekara 3 a babbar sakandare. Daga nan sai jami'a ko kwaleji. An fara aiki da wannan tsari a shekarar 1982. A shekarar 2004 aka yi dokar da ta ce shekara 9 na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro.

A ƙaramar sakandare kowa darussa iri ɗaya yake yi. A ƙarshenta akwai jarrabawar da ake kira BECE. Wanda ya ci ita ce za ta kai shi babbar sakandare. Malamai kan duba sakamakon wannan jarrabawa idan za su raba ɗalibai ajujuwa.

Ajujuwan babbar sakandare uku ne: SS1 da SS2 da SS3. A SS1 ake zaɓen darussa. A SS3 ake rubuta babbar jarrabawar fita.

Takardar Shaida Da Masu Ba Da Ita

Wanda ya rubuta jarrabawar fita ana ba shi takardar shaidar gama sakandare, wato satifiket. Da ita ake neman jami'a da kwaleji. Da ita ake neman aikin soja da ɗan sanda da aikin gwamnati. Tsarin mulkin ƙasa ma ya ce mai neman kujerar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa sai ya yi karatu aƙalla zuwa wannan mataki ko makamancinsa.

Makarantar da yaro ya yi ba ita ke ba da wannan takarda ba. Hukumomi huɗu ne ke shirya jarrabawar:

1. WAEC. An kafa ta a 1952. Tana shirya jarrabawa a ƙasashe biyar na Afirka ta Yamma: Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Ɗaliban makaranta kan rubuta ta tsakanin Afrilu da Yuni.

2. NECO. Gwamnatin Nijeriya ta kafa ta a 1999. Hedkwatarta na Minna. Ana rubuta jarrabawarta wajen Yuni da Yuli.

3. NABTEB. An kafa ta a 1992. Hedkwatarta na birnin Benin. Ita ke kula da jarrabawar makarantun fasaha da na kasuwanci.

4. NBAIS. Ita ke shirya jarrabawar makarantun Larabci da addinin Musulunci.

Jami'o'i da kwalejoji suna karɓar sakamakon dukkan huɗun. Ɗalibi na iya rubuta ɗaya, yana iya rubuta biyu idan akwai hali.

Yadda Ake Karanta Sakamako

A takardar sakamako, kowane darasi yana da harafi da lamba a gabansa. Ƙaramar lamba ta fi babba kyau. Ga yadda suke:

A1: ya yi fice.
B2 da B3: ya yi kyau.
C4 da C5 da C6: ya ci.
D7 da E8: ya tsallake da ƙyar.
F9: ya faɗi.

Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 ana kiransu fas. A ma'aunin da makarantu suka saba amfani da shi, kiredit yana farawa daga maki 50 cikin 100.

A nan iyaye kan ruɗe. Yaro zai zo ya ce ya yi fas a komai, a yi ta murna. Amma wajen neman jami'a ba a ƙirga fas. Kiredit kawai ake ƙirgawa. Duk wanda ya iya karanta lamba daga 1 zuwa 9 zai iya duba wannan da kansa. Ya sa yatsa a kan takardar, ya ƙirga darussan da lambarsu ba ta wuce 6 ba.

Kiredit Nawa Ake Nema?

Jami'a tana neman kiredit biyar. Dole Turanci ya kasance cikinsu. Sauran kuma sai sun dace da karatun da ɗalibi ke nema. Kuma ba a son a tara su a zama fiye da biyu. Ma'ana, ana iya haɗa sakamakon jarrabawa biyu, kamar WAEC ɗaya da NECO ɗaya, amma ba a haɗa uku. Jami'o'i da dama ba sa yarda da haɗi ga mai neman karatun likita. Sai ya kawo biyar ɗin a zama ɗaya.

Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce Turanci da Lissafi dole ne ga kowa. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sassauta. Ta ce mai neman karatun kimiyya ko fasaha ko ilmin zamantakewa, irin su tattalin arziki, sai da kiredit a Lissafi. Mai neman karatun adabi da harsuna kuwa ba a tilasta masa ba. Ta kuma ce kiredit huɗu sun isa neman ƙaramar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, da neman takardar NCE a kwalejin ilmi.

Duk da wannan sassauci, kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawar Lissafi. Kada yaro ya ji wannan labari ya jefar da littafin Lissafinsa. Wanda ke da kiredit a Turanci da Lissafi ya fi yawan hanyoyin bi, a wajen karatu da wajen neman aiki.

Darussan Dole

A jarrabawar fita, ɗalibi kan rubuta darussa takwas ko tara. Ba a yarda su gaza takwas ba, ba a yarda su wuce tara ba.

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja. A cikinta darussa biyar dole ne ga kowane ɗalibin babbar sakandare, ko wane aji yake:

1. Turanci.
2. Lissafi.
3. Ilmin zama ɗan ƙasa da sanin gadon ƙasa.
4. Fasahar kwamfuta da sadarwar zamani.
5. Sana'a guda ɗaya.

Manhajar da aka fara a 2011 tana da sana'o'i 34. Sabuwar ta rage su zuwa shida. Su ne: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, noman lambu da amfanin gona.

Yaron karkara yana da riba a nan. Wanda ya tashi yana kiwon awaki ko yana ban ruwa a fadama ya riga ya san rabin darasin kiwo ko na lambu. Wanda kuma ya koyi haɗa sola ko gyaran waya, zai samu abin yi a kasuwar garinsu ko bai ci gaba da karatu ba. Saboda haka kada a ɗauki darasin sana'a abin wasa.

Idan aka cire biyar na dole daga takwas ko tara, saura uku ko huɗu. Waɗannan ukun ko huɗun su ne ɗalibi ke zaɓa, kuma a kansu maganar take.

Ɓangarori Uku

Ɓangaren kimiyya. Manyan darussansa uku ne. Fiziks yana koyar da yadda wuta da haske da motsi da injuna ke aiki. Kemistiri yana koyar da sinadarai, irin waɗanda ake haɗa magani da taki da sabulu da su. Bayoloji yana koyar da jikin mutum da dabbobi da tsirrai. Akwai kuma ilmin Aikin Gona, da Labarin Ƙasa, da Lissafi mai zurfi, da zanen injiniya.

Ɓangaren adabi da zamantakewa. A nan ake samun Adabin Turanci, da ilmin Gwamnati, da Tarihi, da ilmin addinin Musulunci ko na Kirista, da Hausa, da Larabci, da Faransanci.

Ɓangaren kasuwanci. Darussansa su ne Tattalin Arziki, da ilmin Akanta, wato riƙon littafin kuɗi, da ilmin Ciniki, da dabarun tallata kaya.

Ɗalibi na iya ɗauko darasi ɗaya daga wani ɓangare idan yana da gurbi. Ga lissafin ɗan kimiyya. Biyar na dole, a ƙara Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sun zama takwas. Saura gurbi ɗaya. A nan zai iya sa Aikin Gona, ko Labarin Ƙasa, ko Hausa, ko ilmin addini.

A Fara Daga Aikin Da Ake So

Manomi ba ya zuba iri sai ya san abin da yake son girba. Mai son gero ba ya shuka wake. Haka zaɓen darussa yake. A fara tambayar yaro aikin da yake so, sannan a dawo baya a nemi darussan da za su kai shi can.

Likita, da mai haɗa magunguna, da likitan dabbobi: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji.

Nas da ungozoma da ma'aikacin lafiya na karkara: waɗannan biyar ɗin dai. Makarantun jinya da na kiwon lafiya su suke nema.

Injiniya: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, da wani darasin kimiyya guda.

Malamin gona: Turanci, Lissafi, Kemistiri, da Bayoloji ko Aikin Gona, tare da wani darasin kimiyya. Yara da yawa kan ɗauka darasin Aikin Gona kaɗai ya isa. Jami'a ba ta ɗaukar mai karatun noma sai da Kemistiri.

Lauya: Turanci da Adabin Turanci, tare da irin su Gwamnati ko Tarihi ko ilmin addini. Mai son zama lauya kada ya bar Adabin Turanci.

Akanta da ma'aikacin banki: Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki, tare da ilmin Akanta ko Ciniki ko Gwamnati.

Malamin makaranta: sai ya sami kiredit a darussan da yake son koyarwa. Mai son koyar da Hausa ya ɗauki Hausa. Mai son koyar da Larabci ya ɗauki Larabci.

Akwai kuma wata jarrabawar bayan ta fita. Ita ce ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ita ke shigar da ɗalibai jami'o'i da kwalejoji. Ana rubuta ta a kwamfuta. Darussa huɗu ake yi, Turanci da wasu uku, jimillar maki 400. Waɗannan ukun ma sai sun dace da karatun da ake nema. Mai neman likita zai yi Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniya zai yi Lissafi da Fiziks da Kemistiri. JAMB tana da kundin da ya jera kowane karatu da darussan da yake bukata. Yana kan intanet, kuma malamai sun san shi. Tun yaro na SS1 ya kamata a duba wannan kundi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubuwa Huɗu Da Za A Duba

Na ɗaya, ra'ayin yaro. Shi zai yi karatun. Idan aka tura shi inda ba ya so, da wuya ya yi haƙurin shekara uku.

Na biyu, ƙarfinsa. A ɗauko rifot ɗinsa na ƙaramar sakandare. A duba makinsa a Lissafi da Kimiyya da Turanci. Wanda Lissafi ke ba shi wuya ƙwarai zai sha wahala a Fiziks. Wanda ba ya son dogon karatu zai sha wahala a Adabi. Idan raunin kaɗan ne, ana iya gyara shi da lesin da naci. Malamin ajinsa zai faɗi gaskiya idan aka tambaye shi.

Na uku, halin makarantar. Jarrabawar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji tana da ɓangaren gwaji da hannu. Ana yin sa a ɗakin gwaje-gwaje. Sai uba ya tambaya: akwai malamin Fiziks? Akwai na Kemistiri? Akwai ɗakin gwaji da kayan aiki? Akwai makarantun karkara da ke da ajin kimiyya a suna kawai. Idan haka ne, gara a nemi canjin makaranta tun a SS1. Wasu jihohi suna da makarantun kimiyya na musamman. A Jihar Kano akwai na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977. Da jarrabawa ake shiga irin waɗannan makarantu, bayan ƙaramar sakandare.

Na huɗu, halin gida. Karatun likita shekara shida ne a jami'a. Na injiniya da na lauya shekara biyar-biyar ne. NCE shekara uku ce. Ƙaramar difloma shekara biyu ce. Yana da kyau gida ya san tsawon tafiyar tun da wuri, a fara tanadi. Wanda hannunsa ke da basira kuma yake son fara aiki da wuri, akwai kwalejin fasaha. A can ake koyon aikin lantarki da kanikanci da gini da kafinta, a fito da takardar NABTEB.

Kurakuran Da Aka Saba Yi

Kuskure na farko shi ne bin aboki. Aboki yana da nasa buri da nasa ƙarfi.

Na biyu shi ne cewa ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, ajin adabi na ragwaye. Wannan magana ta cuci yara da yawa. Alƙali da lauya da ɗan jarida yawanci daga ajin adabi suke fitowa. Kiredit biyar masu kyau a ajin adabi sun fi F9 uku a ajin kimiyya amfani.

Na uku shi ne cewa kimiyya ba ta mata ba ce. Mata da yawa a karkara sun fi son mace ta duba su a asibiti. Wannan macen kuwa sai ta bi ta ajin kimiyya. Garin da ke son samun ungozoma 'yar gari, sai ya bar 'ya'yansa mata su yi Kemistiri da Fiziks da Bayoloji.

Na huɗu shi ne canza aji a makare. Makaranta tana tara makin gwaje-gwajen ɗalibi tun daga SS1, tana aika wa hukumar jarrabawa. Wannan maki yana shiga cikin sakamakon ƙarshe. Wanda ya canza darasi a SS3 ba shi da makin baya a sabon darasin, ga kuma karatun shekara biyu ya wuce shi. Idan za a canza, a canza a zangon farko na SS1. A sani kuma, fita daga kimiyya zuwa adabi ya fi sauƙi a kan shiga kimiyya daga adabi.

Na biyar shi ne dogara da satar amsa. Akwai masu karɓar kuɗin iyaye da alkawarin za su samar wa yaro kiredit. Dokar da aka yi a 1999 ta hana satar jarrabawa, ta kuma tanadi tara da ɗauri. Hukumomin jarrabawa kan riƙe sakamakon wanda aka kama ko su soke shi. Wanda ya tsira ma, jarrabawar JAMB da karatun jami'a za su tona shi.

Suna Da Ranar Haihuwa

Akwai wani abu ƙarami da ke jawo babbar wahala, wato rubutun suna. Yaro zai zama Muhammadu a takardar firamare, Muhammad a ta sakandare, Mamman a katin ɗan ƙasa. Ko a rubuta sunan uba a wata takarda, sunan gari a wata. Ranar haihuwa ma ta bambanta.

Tun shekarar 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke kan NIN shi za ta ɗauka. Idan ya saɓa da na takardar sakandare, sai an yi ta zirga-zirga da kashe kuɗi kafin a gyara. Maganin abin shi ne a zaɓi suna ɗaya da rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya tun a SS1. A rubuta su a takarda a ajiye a gida. Duk inda za a cika fom, a kwafa daga wannan takarda. A kuma lura, a ƙa'idar da gwamnati ta tabbatar a 2025, sai ɗalibi ya kai shekara 16 ake ɗaukarsa a jami'a ko kwaleji.

Kuɗin jarrabawa ma yana son shiri. A wasu jihohi, kamar Kano, ana yin jarrabawar tantancewa da ake kira kwalifayin, gwamnati ta biya wa waɗanda suka ci kuɗin babbar jarrabawa. Inda babu wannan, ko yaro bai ci ba, nauyin yana kan iyaye. Akuya ɗaya da aka ware tun yaro na SS1 za ta hayayyafa kafin ya kai SS3.

Wanda Bai Samu Ba Fa?

Wanda kiredit ɗinsa bai cika ba, hanya ba ta toshe masa ba. WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta musamman ga waɗanda ba sa makaranta. Ana yin ta wajen ƙarshen shekara, WAEC kuma tana da wata a farkon shekara. Mutum zai yi rajista da kansa, ya rubuta darussan da yake bukata, ya haɗa da sakamakonsa na farko.

Wannan jarrabawa ba ta da iyakar shekaru daga sama. Magidanci ko matar aure da suka fara daga ajin yaƙi da jahilci, suka ci gaba da karatu, su ma suna iya zama su rubuta ta.

Yarinyar da aka ba da misali da ita ma wannan hanya ce ta rage mata. Sai ta nemi malamin da zai koya mata Fiziks da Kemistiri da Bayoloji daga tushe, sannan ta sake zama jarrabawa. Abu ne mai yiwuwa, amma zai ci shekara ɗaya ko biyu, zai kuma ci kuɗi.

Da ƙanenta ya gama ƙaramar sakandare, uban bai yarda a maimaita ba. Ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da yake son zama. Yaron ya ce malamin gona. Uban ya rubuta a takarda da hannunsa. Ranar da aka buɗe makaranta ya tafi da shi wajen shugaban makarantar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan malamin gona yake son zama. Waɗanne darussa zai ɗauka? Kuma akwai malamansu a nan?"

Shugaban ya ce, "Madalla, Baba. Da iyaye na zuwa da irin wannan tambaya, da aikinmu ya yi sauƙi." Ya kira malami mai ba ɗalibai shawara. Suka jera darussa tara a takarda, uban ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya ga Kemistiri a ciki, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Uba ko uwa ba sai sun san Fiziks ba kafin su yi wannan. Abin da ake bukata shi ne su san aikin da yaro ke so, su je makaranta a makon farko, su yi tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Sababbin Kalmomi

Manhaja: tsarin darussan da ake koyarwa a makaranta.
Satifiket: takardar shaidar gama karatu.
Kiredit: sakamako daga A1 zuwa C6.
Fas: sakamakon D7 ko E8.
Zama: rubuta jarrabawa sau ɗaya.
Gurbi: wurin da ya rage ba a cike ba.

Tambayoyi

1. Shekara nawa ake yi a babbar sakandare, kuma a wane aji ake zaɓen darussa?
2. Waɗanne hukumomi huɗu ne ke shirya jarrabawar fita?
3. Wani ɗalibi ya sami B3, C4, C6, D7, C5, E8, F9, C6. Kiredit nawa gare shi?
4. Waɗanne darussa biyar ne mai son zama nas ko ungozoma ke bukata?
5. Me ya sa canza darasi a SS3 ke da haɗari?
6. Me ya sa ake son sunan ɗalibi ya zama iri ɗaya a duk takardunsa?

Aikin Gida

Kowane ɗan aji ya nemi yaro ɗaya a gidansu ko a maƙwabta wanda ke JS3 ko SS1. Ya rubuta aikin da yaron ke son yi. A ƙarƙashinsa ya rubuta darussan da wannan aiki ke bukata. Ya kawo takardar aji a mako mai zuwa, a karanta tare da malami.